Kujerar Bakin Banɗaki

Tun yana can ƙarshen layi Auta ta hango shi, ta kuwa haɗe rai kamar ba ta taɓa dariya ba a rayuwarta.

Kanta uku ne a buɗe a filin jirgin, kowacce da ma'aikaciyarta, amma saboda tsabar neman fitina sai da ya zaɓi layinta. Ta ci gaba da aikinta, tana karɓar tikiti, tana ɗora jakunkuna a sikeli, tana yi wa fasinjoji murmushin nan da kamfani ya ce dole a yi. Hankalinta dai ba ya kan aikin. Saura kaɗan ta tura akwatin wata baiwar Allah garin da ba can za ta ba.

Da layi ya zo kansa, sai ya ajiye tikitinsa a gabanta a hankali.

"Autata..."

"Katin shaida," ta ce, idonta na kan kwamfuta.

"Haba sanyin idona, ni ne fa."

"Malam, akwai mutane a bayanka."

Ya miƙo katin. Ta ɗaga shi ta dubi hoton, ta dubi fuskarsa, ta sake duban hoton, wai ita a dole tana zargin na sata ne. Mutumin da ta san har tabon da ke bayan kunnensa! Sannan ta buɗe taswirar kujerun jirgi. Rabin jirgin ranar wayam yake, kujerun taga ga su nan birjik. Ta gangara can ƙarshe, layin da kujera ba ta kwantawa, ta danna masa ta bakin hanya, daidai ƙofar banɗaki, inda duk mai shiga sai ya goge ka da kafaɗa. Ga shi dogo, gwiwoyinsa ba su da wurin zuwa.

Ya karɓi katin shiga jirgi ya duba lambar, ya yi ɗan murmushi.

"Na gode. Sai Asabar mai zuwa."

"Na gaba," in ji Auta.

Wanda bai san labarin ba zai ce yarinyar nan muguwa ce. Ba muguwa ba ce, an dai kai ta bango ne.

Injiniya ake ce masa, don gyaran jirgi shi ne aikinsa. A nan filin suka haɗu, kamfani ɗaya suke yi wa aiki, shi yana ƙarƙashin fukafukai da baƙin mai a hannu, ita tana bayan kanta da kayan ma'aikata masu guga. Soyayya ta yi nisa, sai kamfani ya ɗauke shi ya mayar da shi ɗaya filin, inda babban garejin jiragensu yake. Wato duk wadda ta aure shi, can za ta zauna. Nan fa gizo ke saƙar, domin Umma, mahaifiyar Auta, ta rantse ba za ta sake kai 'ya nesa ba.

Tana da dalilinta. 'Ya'ya biyu Allah Ya ba ta, duka mata. Babbar, wadda Auta ke kira Yaya, wani mai daɗin baki ne ya zauna a falon nan ya ce wa Umma kada ta damu, garinsu awa ɗaya ce a jirgi. Aka ba shi. Da ciwon Baba ya tsananta aka buga wa Yaya waya, sai mijin ya ce a bari sai jirgin gobe, na yau ya yi tsada kuma yana da taro a ofis. Yaya ta iso bayan an binne mahaifinta. Tun daga ranar Umma ta tsani wannan magana ta awa ɗaya. Ga hawan jini, ga ciwon zuciya, ga gida ba kowa sai ita da Auta.

Laifin Auta ɗaya, ta manta ba ta ja wa Injiniya kunne ba. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Umma, yana jin ta ambaci nisa sai ya zaro waya jiki na rawa, ya matso ya nuna mata taswira. Ga filin nan, ga filin can, ga ɗan layi shuɗi ya haɗa su. Ya ce kilomita ɗari bakwai ne da ɗoriya, jirgi kuwa ba ya ɗaukar komai.

"Awa ɗaya ce kawai, Umma. Kafin ki sauke tukunya ta iso."

Auta ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da kullum a kan idonta ake tafiyar nan, ta fi kowa sanin cewa awa ɗayar a sama take. Babu cunkoson hanya a cikinta, babu layin bincike, babu jiran jirgin da ya makara. Amma son shi ya sa ta ja bakinta ta tsuke.

Umma ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta ce to, madalla, tunda kusa ne haka, ya zo ranar Asabar da kawunsa a yi magana ta manya, za ta jira su da rana. Ta ƙara da cewa mai awa ɗaya ai ba shi da hujjar makara.

To, ma'aikatan jirgi suna da wani gata da ake kira tikitin ma'aikata. Kusan kyauta ne, sai dai ba a ba ka kujera sai duk masu biya sun shiga, an ga saura. In jirgi ya cika, haka za ka tsaya kana kallo ya tashi ya bar ka. 'Yan jiran tsammani ake ce musu. Auta ta roƙi Injiniya, ta ce don girman Allah wannan karon ya sayi tikiti sosai kamar kowa, shi da kawun. Ya yi dariya ya ce ita dai ta cika tsoro, jirgin Asabar bai taɓa cika ba, tunda yake hawa ba a taɓa barinsa a ƙasa ba.

Ranar ta zo. Umma ta tashi duk da ciwon, ta sa sababbin kaya, ta kira ƙaninta ya zo ya zauna a matsayin uba. Aka share falo, aka jera abinci. Rana ta take, babu su. Rana ta karkata, babu su. Abinci ya huce aka ɗumama, ya sake hucewa aka sake ɗumamawa. Kawun Auta ya gaji da duban agogo, ya sa takalminsa ya ce shi kam yana da abin yi. Umma ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. 'Yan kunnenta kawai ta cire ta ajiye a kan tebur, ta dubi Auta.

"Awa ɗayar tasa har yanzu ba ta cika ba?"

Da Auta ta ɗauki wayarsa daga baya, sai ya hau rantse-rantse. Wai akwai kujeru biyu da suka rage, Mai Turare ce ta tsallake sunansa ta ba wa wasu da ke bayansa, ta rubuta cewa bai zo da wuri ba. Mai Turare ita ce shugabar ƙofar shiga jirgi a can filin, mace ce da ƙamshinta ke riga ta shiga ɗaki, kuma duk kamfanin an san ta daɗe tana bibiyar Injiniya yana kauce mata. Auta ta yarda Mai Turare za ta aikata, har ma fiye da haka. Amma wannan bai rage mata komai ba.

"Kada ka fake da ita," ta ce masa. "Wa ya kai ka hannunta? Mutuncin uwata ka ɗora a kan kujerar kyauta."

"Autata, ki saurare ni..."

"Na gama saurare."

Ta kashe wayar, ta toshe lambarsa, ta kifa kai a filo ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tana son shi, wannan ba ta taɓa musantawa ba ko a zuciyarta. Haushinsa ne dai ya fi son yawa a lokacin.

Shi ne fa ya tsiri wannan zirga-zirga. Duk Asabar sai ya sayi tikiti cikakke, ya biyo jirgin rana, ya hau tasi zuwa ƙofar gidansu ya tsaya. Da yamma ya dawo fili, ya shiga layin Auta, ta ba shi kujerar bakin banɗaki, jirgin da ya kawo shi ya mayar da shi. Umma kuwa ta sa kwaɗo a ƙofa. Ya yi sallama, ta amsa daga ciki don ba ta son zunubi, daga nan ba ƙari. Wata Asabar ta watso ruwan wanki ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa masa takalmi. Wata Asabar aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta ce a taimaka a bar bawan Allahn nan ya fake, Umma ta ce ba ita ta aika masa ba. Abokan aikin Auta har sun mayar da abin wasan kwaikwayo. Da sun hango shi sai su fara taɓa juna, masu cewa ta ji tsoron Allah na yi, masu cewa ta ƙara masa wuta na yi. Ita dai ba ta tanka wa kowa.

Abu ɗaya ta lura da shi. Umma ta fara tambaya da safe, wai yau Asabar ce ko? In aka ce e, sai ta ja dogon tsaki ta ce mutum ba shi da zuciya.

Ana cikin haka kamfani ya tura Auta kwas na mako guda a kan sabon tsarin kwamfuta, kuma ba a ko'ina ba sai a can filinsu Injiniya. Ta yi ƙoƙarin zillewa, shugabanta ya ce ko ta je ko ta ajiye aiki. Ta bar Umma a hannun maƙwabciya, ta jera mata magunguna a kan tebur, ta tafi ranta ba daɗi. A can kuwa ko hanyar garejin jirage ba ta bi. In ta hango mai rigar injiniyoyi daga nesa, sai ta canja hanya.

Mai Turare ce ba ta iya kauce wa ba. A ɗakin shan shayi ta tare ta, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta ce ashe ita ce Autar da ake ta wahala a kanta, ita ta zaci wata uwar kyau za ta gani. Ta juya cokali a kofi ta ce a ƙofarta dai mai jira ba shi da baki, wanda ta ga dama shi take kira. Auta ta ce ta ji, Allah Ya bar mata ƙofar, ai ita kaɗai ta samu. Wasu da ke zaune suka ƙunshe dariya. Fuskar Mai Turare ta canja, kuma Auta ta san ta sayi rigima.

Kwas ya ƙare ranar Juma'a. Da Auta ta so, da ta bi jirgin Asabar ta koma gida. Amma ta san wanda ke hawa jirgin Asabar, don haka saboda taurin kai ta ce sai Lahadi.

Da safiyar Asabar ɗin wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciya ce. Umma ta faɗi a kicin, an ɗauke ta zuwa asibiti, numfashinta sama-sama yake, kuma ba sunan da take kira sai na Auta.

Ba ta san yadda ta cusa kaya a jaka ba. Tasi ta ƙi samuwa, da aka samu kuma suka faɗa cunkoso, wata babbar mota ta lalace a tsakiyar titi ta tare kowa. Tana zaune tana kallon mitar tasi da agogo, tana tuna Yaya. Haka ita ma ta zauna ke nan? Da ƙyar ta isa fili. Ta ruga wurin sayar da tikiti ta ce a ba ta kujera ko nawa ce. Mai sayarwa ya girgiza kai ya ce wata tawagar 'yan ƙwallo ta kwashe jirgin, ko ɗaya babu. Kuma jirgi ɗaya ke zuwa garinsu a yini. Abin da ya rage shi ne ta sa sunanta a jiran tsammani, ta je ƙofa ta tsaya.

Wa ke ƙofar? Mai Turare.

Ta saurari bayanin Auta tana gyara zoben hannunta. Ta ce Allah Ya ba Umma lafiya, da irin muryar da ake cewa a matsa a ba ni hanya. Sannan ta juya kwamfutar ta nuna mata, kowace kujera da mai ita, kuma kowa ya iso. Ta ce ta samu wuri ta zauna, ko wani zai fasa, ko da yake ita a ganinta yau ba ranar fasawa ba ce.

Auta ta jingina da bango, jakarta a ƙirji. Aka fara kiran fasinjoji. Tana kallo layi na raguwa, kowa na miƙa katinsa yana wucewa, wasu har da dariya. Ta cikin gilashi ga jirgin nan a tsaye, ƙofarsa a buɗe, taku kaɗan ne tsakaninta da shi.

"Autata?"

Ta ɗago. Shi ne, da 'yar jakarsa ta kowace Asabar da katinsa a hannu. Ya tambaye ta me ya faru, ta ce ba ruwansa. Ya sake tambaya, ta juya masa baya. Da ya tambaya na uku sai abin ya ɓalle mata, ta juyo hawaye na zuba.

"Awa ɗaya ce, ko ba haka ka ce ba? To ga uwata can kwance a asibiti tana kirana. Kai ni a awa ɗaya! Zaro wayar taka ka nuna mini layin nan shuɗi, in hau shi in tafi!"

Mutane suka juyo suna kallonsu. Injiniya ya dubi Auta, ya dubi jirgin, ya dubi katin da ke hannunsa. Sai ya taka zuwa gaban Mai Turare ya ajiye katin a kan teburinta.

"Na fasa tafiya. Cire sunana."

Mai Turare ta yi turus. Ta ce ba a mayar da tikitin wani sunan wata, shi ma ya sani. Ya ce ya sani sarai, shi ya sa bai ce ta mayar ba, cewa ya yi ta cire shi. Ba shi da kaya a cikin jirgi balle a ce za a ɓata lokaci wajen sauke su. In ya sauka, kujera ta zama wayam, kuma mutum ɗaya ce tak a jiran tsammani yau, ga ta can a tsaye. Mai Turare ta ce ai an kusa rufe ƙofa, ba ta da lokacin wannan shirme. Ta sassauta murya ta ce ya yi tunani, kuɗinsa zai tafi a banza saboda yarinyar da ko kallon arziki ba ta yi masa.

"Wancan karon na yi shiru don ba ni da shaida," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Yau ga mutane, ga manaja can yana tahowa. Ki bar jirgin nan ya tashi da kujera wayam, sai mu je ofis tare a buɗe har na wancan karon."

Manajan filin kuwa da gaske yana tahowa, don ya ga layi ya tsaya. Mai Turare ta ciji leɓe, ta hau dukan kwamfuta kamar ita ta yi mata laifi. Kati ya fito, ta wurgo shi kan tebur ba ta ko kalli Auta ba.

Auta ta ɗauka.

"Yi sauri," in ji Injiniya. "Ki ce ina gaishe ta."

Sai da ta shiga jirgi ta duba lambar. Layin ƙarshe, bakin hanya, daidai ƙofar banɗaki. Ta zaci muguntar Mai Turare ce, har ma'aikaciyar jirgin ta zo wucewa ta tsaya tana mamaki, ta tambaya ina Injiniya. Ta ce ai kujerarsa ce wannan, duk Asabar ita yake zaɓa da kansa tun daga nan, ko jirgi wayam ne. Sun sha cewa ya dawo gaba ya miƙe ƙafa, sai ya ce a bar shi, wadda ta ba shi ita ba ta ce ya tashi ba tukuna.

Auta ta sunkuyar da kai.

Kujerar kuwa ta nuna mata halinta. Ba ta kwantawa ko kaɗan. Na gaba ya kwantar da tasa har ta taɓa mata gwiwa, ita da ba ta kai kafaɗar Injiniya ba. 'Yan ƙwallon nan suka yi ta sintiri zuwa banɗaki, kowa sai ya buge ta, ƙofa na buɗewa tana rufewa, ga ƙarar inji a kunne, ga wari. Ta yi ta kuka a cikin gyalenta, rabi na Umma, rabi na wanda ya yi watanni yana zama a nan saboda ita. Jirgin bai yi ƙarya ba, awa ɗaya da 'yan mintoci ya yi a sama. Amma ita ce ta ƙarshen fita tunda a ƙarshe take, ga wani cunkoson a hanyar asibiti. Kiran da aka yi mata da safe, ba ta amsa shi da ƙafarta ba sai da la'asar ta yi.

Ta samu Umma da rai.

An sa mata robar numfashi a hanci, hannunta da ƙarin ruwa. Auta ta durƙusa ta kama hannun tana kiran sunanta. Umma ta buɗe ido da ƙyar, ta ga ita ce, ta matse mata yatsu ta sake lumshewa. Likita ya ce sun shawo kan abin, amma ɗazu da rana ba wanda zai iya ba da tabbaci. Yaya kuwa tana ta kira a waya tana kuka, har lokacin mijinta na neman jirgin da ya dace.

Washegari da hantsi Umma ta samu ƙarfin zama. Bakinta ne ya fara dawowa kafin komai. Ta yi ƙorafin shayin asibiti, ta yi ƙorafin filo, sannan ta tambayi Auta yadda aka yi ta samu jirgi. Auta ta so ta ce sa'a ce kawai. Ta kasa. Ta faɗa mata komai, tana wasa da bakin zanin gado. Umma ta saurara har ƙarshe, sai kawai ta ce a miƙo mata ruwa.

Ba a jima ba aka yi sallama a bakin ƙofa.

Auta ba ta taɓa ganinsa haka ba. Rigarsa ta yamutse, idanunsa sun yi ja, yana tafiya yana ɗingishi don ƙafafunsa sun kumbura. Ashe jirgi na tashi ya wuce tasha ya shiga motar haya, a kujerar baya, a matse tsakanin buhuna.

"Wa ya ce ka shigo?" in ji Umma.

Ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya durƙusa a nan ya gaishe ta.

"Kai, mai awa ɗaya. Awa nawa ka yi?"

"Tun jiya da rana nake hanya, Umma. Yanzu na sauka."

"To da nisa ko babu nisa?"

Auta ta san shi da son kare kansa, in ya sake ya ce ai mota ce ta ja, da jirgi ne da tuni, to magana ta ƙare har abada.

"Da nisa, Umma," ya ce. "Da nisa sosai. Ranar nan son zuciyata na faɗa miki, don ina tsoron ki hana ni. Ba zan iya rage miki ko kilomita ɗaya ba. Abin da zan iya shi ne, duk ranar da kika kira ta, ba za ta tsaya jiran tsammani ba. In babu kujera, zan sauka daga tawa."

Umma ta juya fuskarta bango. Auta ta ga kafaɗarta na ɗan motsi, ta gane kuka take yi, irin wanda ba ta so a gani.

"Wancan, mijin yayarta," ta ce wa bangon, "cewa ya yi a jira na gobe."

Ta goge ido da gefen zani, ta juyo, fuskar nan a murtuke kamar kullum. Ta ce kada ya ɗauka ta manta abincin da ya sa ta ɗumama har sau biyu, ba ta manta ba, kuma ba za ta manta ba. In ta warke ya turo kawun nasa ranar Asabar. Amma su iso tun Juma'a su kwana a gari, ita ba za ta sake cire 'yan kunne saboda kowa ba.

Injiniya ya kifa kai a gwiwa yana godiya. Ya ɗago ya dubi Auta.

"Kada ka kalle ni," ta ce. "Ni har yanzu ban huce ba."

"Na sani, sanyin idona."

"Kuma gwiwoyina ciwo suke mini tun jiya."

"Haka take yi. Ana sabawa."

Ta harare shi, hararar ta ƙi zama. Kujera ɗaya ce tak a ɗakin, ta roba, wadda ta kwana a kanta a gefen gadon Umma. Ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura har takalmin ya matse su. Sai ta miƙe, ta ɗauke gyalenta daga kai, ta tura masa kujerar da ƙafa.

"Zauna," ta ce. "Ni zan tsaya."